Gidan Adana Kayan Fasaha a Harabar Jami'a: Hukuncinsa da Amfaninsa, da Misali daga Ƙasar Dutse

Gabatarwa

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 aka mai da Dutse babban birninta, garin yake faɗaɗa daga tsohuwar Garu zuwa unguwanni irin su Takur da Gida Dubu. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, bayan shekara 2 kuma jihar ta kafa tata a Kafin Hausa. Duk inda jami'a ta zauna kuwa, ba a daɗewa sai maganar ɗakin nune-nune da makon al'adu ta taso, ɗaliban addini su shiga tambaya: shin ya halatta Musulmi ya tara zane-zane a ɗaki, ya kira mutane su kalla? Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da malaman fiƙihu suka rarrabe a kan haka, sannan ta nuna abin da ƙasar Dutse take da shi wanda ya cancanci adanawa.

Hukuncin sura a mazhabar Malikiyya

Asalin tsoron da ake yi daga hadisan da suka tsananta a kan masu yin sura yake, kuma hadisai ne ingantattu da Buhari da Muslim suka ruwaito. Sai dai malamai ba su ɗauki sura duka a matsayi ɗaya ba. Masu sharhin Muhtasar Halil, irin su Shaihu Dardir, sun yi bayanin mas'alar a babin walima, inda ake maganar abin da yake sauke wa mutum wajabcin amsa gayyata. Rabon da suka yi ya kasu huɗu.

Na farko, surar mai rai wadda take da jiki har tana yin inuwa, gaɓoɓinta cikakku, an kuma yi ta da abin da yake daɗewa kamar dutse ko itace: wannan haramun ce. Na biyu, surar mai rai wadda ba ta da inuwa, kamar zane a takarda ko bango: makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, idan kuwa a abin da ake takawa take, kamar shimfiɗa, barinta ne ya fi. Na uku, surar abin da ba shi da rai, kamar bishiya da gini da jirgin ruwa: halal ce, kuma ita ce Ibn Abbas ya nuna wa mai sana'ar zanen da ya zo masa da fatawa. Na huɗu, 'yar tsana ta wasan yara mata, wadda aka yi rangwame a kanta saboda hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Malamai da yawa na sauran mazhabobi, kamar Imam Nawawi, sun haramta kashi na biyu ma, don haka saɓani ne na gaske da ya kamata a girmama.

Yin sura daban, adana tsohon abu daban

Wannan hukunci a kan ƙirƙirar sura da ƙawata wuri da ita yake magana. Abin da mutanen da suka shuɗe suka bari kuwa yana da wata fuska. Alƙur'ani a wurare da dama, kamar a Suratur Rum, ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa don duba ƙarshen al'ummomin da suka gabata, a Suratu Yunus kuma ya ambaci tsirar da gawar Fir'auna don ta zama aya. Ɗabari ya kawo cewa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya mai da fadar Kisra a Mada'in wurin salla, alhali akwai surori a cikinta, bai taɓa su ba. Masu hanawa su kuma suna kafa hujja da hadisin da Sayyidina Ali ya aiki Abul Hayyaj ya shafe surori. Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne illar hukuncin: tsoron girmamawa da take kai wa ga shirka.

Misalin wannan yana nan kudu da Dutse. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi a jikin dutse, wanda masu bincike suka rubuta labarinsa a shekarun 1950, yanzu kuma yana hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Zane ne marar inuwa, ba wanda yake bauta masa, kuma shaida ne a kan kiwo da zaman mutane a yankin tun kafin zuwan rubutu. Jami'ar da ta kai ɗalibanta can don nazari da wa'aztuwa ba ta fita daga abin da malamai suka yarda da shi ba.

Abin da ya fi buƙatar ceto

Yawan jayayya a kan sura ya sa an manta cewa mafi yawan fasahar Musulmin ƙasar Hausa ba ta da sura ko kaɗan. Ga Alƙur'ani rubutun hannu bisa ruwayar Warshu, da jan wasali, da kumsa da kuri masu nuna aya 5 da aya 10, da adon da ake yi wa sumuni da rubu'i da nusufi. Ga allon zayyana na ranar sauka, da gafaka da tadarishi na dukawa, da aikin aska takwas a wuyan riga. Ga zanen bango irin na fadar Sarkin Dutse da ke Garu, da ginin baka irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi wa masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Waɗannan su ne suke salwanta. Gara da ɗigar damina suna cin takardun malamai a cikin adaka, magada su raba littafi ɗaya ganye-ganye, ginin ƙasa kuma a rushe shi a sa bulo. Alarammomin da suke satu da ka suna tsufa, bugun inji ya rage masu neman aikinsu. Idan hannun ya ƙare ba a koya ba, kuɗi ba zai dawo da shi ba.

Musulmi sun riga sun buɗe wannan hanya. Gidan kayan fasahar Musulunci na Alƙahira a masallacin Alhakim ya fara a 1881, kafin a mai da shi gininsa na yanzu a 1903. A gida kuma akwai Gidan Makama a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna wanda aka kafa a 1970 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka haɗa taskar rubuce-rubuce da ɗakin nune-nune a wuri guda.

Sharuɗɗa

Jami'ar da za ta yi wannan aiki tana buƙatar kiyaye abubuwa huɗu. Ta sa masana fiƙihu cikin kwamitin zaɓen kaya tun farko. Ta kiyaye alfarmar Mus'hafi: a ɗaga shi sama, kada mai hadasi ya taɓa shi. Ta tantance mallaka, domin littafin da aka yi waƙafinsa ga masallaci ko makaranta ba a sayar da shi, sai dai a karɓe shi amana da yarjejeniya a rubuce, ko a ɗauki hotonsa a mayar. Sannan ta rubuta wa kowane abu bayani da Hausa da Larabci: wanda ya yi shi, da garinsa, da zamaninsa.

Kammalawa

Musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta fara a 1986 ta nuna yadda shirin jami'a guda yake iya raya hadda a ƙasa baki ɗaya. Rubutu da zayyana suna jiran irin wannan kulawa. Da za a gayyato alaramma daga tsangayun Dutse ko Ringim ko Haɗeja ya zauna a harabar jami'a mako guda, ya fiƙe alƙalami, ya dama tawada da ƙaro, ya koya wa ɗalibai, da an haɗa makarantun biyu da suka daɗe suna kallon juna daga nesa. Allah ne mafi sani.