Takunkumin Amurka Da Cinikin Tsabar Kuɗin Kyuba

A cikin watan Afrilu na shekarar 2013 ne kamfanin eBay, mai gudanar da kasuwar gwanjo ta intanet, ya daina karɓar tallan tsabar kuɗi da takardun kuɗi da kan sarki na ƙasar Kyuba. Hanin bai ware tsoho da sabo ba. Sulen da aka buga a 1915 da wanda aka buga a 1995 duk sanda ɗaya ce ta kore su. Masu sana'ar tara tsofaffin kuɗi a Amurka, ciki har da 'yan asalin Kyuba mazauna birnin Miami, suka wayi gari da haja a hannu, alhali babbar rumfar da suka saba baje ta an garƙame ta.

Abin da ya ƙara musu takaici shi ne, da yawa daga cikin waɗannan sulalla a Amurkar aka ƙera su. Kyuba ba ta fara amfani da tsabar kuɗi na kanta ba sai a 1915, kuma gidan buga kuɗi na gwamnatin Amurka da ke Philadelphia ne ya yi mata aikin, bisa zanen babban mai zanen gidan, Charles Barber. Peso na azurfa mai tauraro nauyinsa ɗaya da dalar azurfa ta Amurka, wato giram 26.7, kashi 90 cikin ɗari azurfa. Na zinariya kuwa suna ɗauke da kan José Martí, jagoran fafutukar 'yancin ƙasar. Philadelphia ta ci gaba da yi wa Kyuba wannan aiki fiye da shekara arba'in, har sai da juyin juya halin Fidel Castro na 1959 ya raba gari tsakanin ƙasashen biyu. Daga nan aikin ya koma Tarayyar Sobiyet da Chekoslobakiya, kafin Kyuba ta kafa nata gidan buga kuɗin a 1977.

Shugaba John Kennedy ne ya ƙaƙaba cikakken takunkumin cinikayya a kan Kyuba a watan Fabrairu na 1962. A shekara mai bi mata Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin aiwatar da shi, waɗanda suka haramta wa Ba'amurke shigo da duk kayan da asalinsu na Kyuba ne, ko waɗanda suka taɓa zama a can, ko suka ratsa ta can, sai fa da lasisi. A wurin dokar, sulen da ake saye don ajiya haja ne, kamar sukari ko taba sigari. A 1988 majalisar dokokin Amurka ta yi sassauci ga littattafai da fina-finai da faya-fayan waƙa, amma tsabar kuɗi ba ta shiga cikin jerin ba.

Dillalan tsofaffin kuɗi sun daɗe a kan fahimtar cewa abin da ya shigo Amurka kafin takunkumi halal ne a saya a sayar, kuma manyan gidajen gwanjo sun ci gaba da cinikinsa. Sai dai a nan gizo ke saƙar. Shekarar da ke jikin sule ba ta faɗin ranar da ya bar ƙasarsu. Peso na 1915 yana iya kasancewa ya iso Miami a aljihun wani ɗan kasuwa a 1950, yana kuma iya kasancewa an sayo shi a Havana a 2005 aka ɓoye cikin jaka. Na farko halal, na biyu haram, ga shi kuwa ko da madubin ƙara girma ba a iya bambanta su. Fataken ƙasar Hausa na da sun san irin wannan a kan liyari, sulen azurfa mai kan Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda ya yi ta yawo a kasuwannin Kano da Borno: kowane ɗaya 1780 ke rubuce a jikinsa, ko da an buga shi bayan shekara ɗari.

Kamfanin da ke karɓar dubban tallace-tallace a kullum ba shi da hanyar tantance tarihin kowane sule. Ladan da yake samu a kan cinikin kuɗin Kyuba bai taka kara ya karya ba, tarar da ke jiransa idan ya yi kuskure kuwa mai nauyi ce. Duk ɗan kasuwar da aka ba wannan lissafi zai iya cewa ga inda za a ɓulle. Tsoron kuma ba na banza ba ne. A watan Maris na 2015 kamfanin PayPal, wanda a lokacin mallakar eBay ne, ya amince ya biya kimanin dala miliyan 7.7 saboda barin kuɗi su wuce ta hannunsa saɓanin takunkumin da ke kan ƙasashe irin su Kyuba da Iran da Sudan.

A ƙa'ida, daraja uku ke ga tsabar kuɗi: adadin da aka rubuta a jikinta, kimar ƙarfen da aka yi ta da shi, da abin da mai sha'awa zai iya biya saboda ƙarancinta da kyan jikinta. Takunkumi ya ƙara ta huɗu, wato takarda. Peso mai tauraro yana ɗauke da azurfa tsantsa kimanin giram 24, kuma wannan ba ya canzawa ko a ina yake. Amma wanda ke tare da tsohon rasiti ko kundin gwanjo da ke nuna ya daɗe a wajen Kyuba yana da masaya a kasuwa mafi girma a duniya, wanda ba shi da shi kuwa sai ya nemi masaya a Sifen ko Kanada, inda babu wannan hani. Haja ɗaya ke nan, kasuwa biyu.

Ɗaya daga cikin sulallan da ake yawan fita da su daga Kyuba shi ne na peso uku mai hoton Che Guevara, wanda ya taɓa riƙe shugabancin Babban Bankin ƙasar daga 1959 zuwa 1961. An fara fitar da shi a 1990, kuma kuɗin kashewa ne kawai, babu azurfa ko kaɗan a jikinsa. A shekarun da ake canja peso 24 zuwa 25 a kan dala ɗaya, darajarsa kimanin santi 12 ce kawai, amma masu talla a titunan Havana sukan sayar wa baƙi 'yan yawon buɗe ido a kan dala guda ko fiye. Ribar ninki takwas ce a kan abin da ake bayarwa canji a shago. Shi kuwa baƙon, idan Bajamushe ne ya koma gida da tsarabarsa lafiya, idan Ba'amurke ne sai ya duba wace ƙa'ida ke aiki a shekarar. Gwamnatin Barack Obama ta yarda matafiya su dawo da kaya na dala 400 a 2015, ta cire iyakar a 2016, sannan gwamnatin Donald Trump ta sake tsuke wasu ɓangarori a 2020. Ko a lokacin sassaucin ma, izinin na amfanin kai ne, ba na sayarwa ba. Ita ma Kyuba ba ta barin a fita da tsofaffin kayan tarihi sai da izinin hukuma.

Nijeriya ba ta cikin wannan takunkumi. Hasali ma tana cikin ɗimbin ƙasashen da ke kaɗa ƙuri'ar neman a ɗage shi a Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke zartar da irin wannan ƙuduri kusan kowace shekara tun 1992. Ɗan kasuwa a Kano ko Legas da ya sayi sulen Kyuba bai karya dokar ƙasarsa ba. Matsalarsa tana farawa ne a wajen biyan kuɗi, domin dalar da aka tura daga banki zuwa banki kusan duk sai ta bi ta bankunan Amurka, kuma kalmar Kyuba kaɗai a kan takardar biya ta isa a tsayar da kuɗin a yi ta tambayoyi. Tun bayan da bankin BNP Paribas na Faransa ya biya tarar kusan dala biliyan 8.9 a 2014 kan hada-hadar Sudan da Iran da Kyuba, bankunan duniya suka ƙara ɗari-ɗari da duk abin da ya shafi waɗannan ƙasashe, komai ƙanƙantarsa.

Mai ajiye wannan haja da fatan a ɗage takunkumi farashi ya tashi yana bukatar dogon haƙuri. Dokar Helms da Burton ta 1996 ta mayar da takunkumin doka ta majalisa, ta yadda shugaban ƙasa shi kaɗai ba zai iya soke shi ba, ko da ya so.