Rigar aure: a fara da na ciki kafin a je wurin tela

A Dawce, cikin gundumar Kance ta jahar Damagaram, lokacin biki na ƙaratowa sai hankalin amarya ya koma kan leshi da shadda. Kayan ciki kuwa sai a bar su sai ranar ƙarshe. Nan ne kuskuren yake, domin ɗinkin yayi mai kama jiki a kan abin da ke ƙarƙashinsa yake zama.

Abin da 'yan mata ke nema shi ne rigar matse ciki, wadda a Nijar ake kira gen, daga Faransanci, a Najeriya kuma gadul. Ana saƙa ta da zare mai talewa da aka ƙirƙiro a Amurka a 1958, wanda aka fi sani da Lycra. Ba ta rage ƙiba, tana dai daidaita ciki da ƙugu muddin tana jiki.

Dokar farko: a sayi gen da rigar mama, a sa su, sannan tela ya ɗauki awo. Idan aka yi akasin haka, ko rigar ta yi yawa a ƙugu, ko zif ya ƙi rufuwa ranar biki.

Ta biyu, awo. Kayan da ke shigowa Matamaye daga Kano ko kasuwar Dole ta Damagaram, wasu na ɗauke da lambobin Faransa, 38, 40, 42, wasu haruffa, M, L, XL, kuma na Sin sun fi zama ƙanana. Tef ɗin tela ya fi lambar gaskiya. Sayen ƙarama don ƙugu ya ƙara shiga ba ya haifar da komai sai ƙwannafi, ƙarancin numfashi da sanyin cinya, saboda jijiyar da ta danne.

Ta uku, zafi. Daga Maris zuwa Mayu yanayi kan wuce digiri 40, ga fatar amarya ta yi laushi bayan dilka da halawa. Roba zalla na tara gumi ta kawo ƙuraje, don haka a nemi mai shafin auduga ta ciki. Launi kuma ya bi na fata, saboda fari na bayyana ƙarƙashin leshi mai huji. Fatari mai santsi na rufe sauran.

Kafin ranar, amarya ta gwada ta a gida na 'yan awoyi: ta zauna kan tabarma, ta ci abinci, ta yi ruku'u da sujada. Idan ɗaya ya gagara, a canza. Mai juna biyu ko wadda aka yi wa aikin ciki kwanan nan, ta fara tuntuɓar likita.