Gyaɗar da kika tsince, ina take zuwa?

Uwargida, idan kaka ta yi a Kutama da ƙauyukan da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, kin san aikin da ke jiranki. Maigida ya cire gyaɗa, an tsinke, an shanya, sai ɓara. Ki zauna da faifai kina ware masu kyau gefe guda domin buhun da za a kai kasuwa. Ƙananan da suka yamutse, da waɗanda gara ta huda, da masu baƙi-baƙi ko kore-kore a jiki kuwa, ki tara su a wani kwano daban. To wannan kwano na biyu, ina yake zuwa? A gidaje da yawa amsar ɗaya ce. Ba a zubarwa, don kada a yi almubazzaranci. A soya, a kai inji, a matse mai, tunkuzar a yi ƙuli-ƙuli, saura a dama wa yaron da ake yaye kunu. Mai kyau ta tafi birni, marar kyau ta shiga cikin 'ya'yanmu.

Masu binciken cututtukan amfanin gona sun shafe shekaru sama da 60 a kan abin da ke cikin wannan kwano, kuma ya kamata ki ji abin da suka gano.

Yawancin cututtukan shuka da muka saba da su suna da kirki ta fuska ɗaya: suna nuna kansu. Ki ɗauki burtuntuna. Zangarniyar dawa ta fito, maimakon ƙwaya sai baƙin gari. Fumfuna ce ke kawo ta, dangin wadda kike gani a kan tuwon da ya kwana biyu, kuma baƙin garin nan shi ne irinta. A wurin sussuka yake manne wa lafiyayyar ƙwaya, ya kwanta da ita a rumbu, a shuka su tare baɗi. Tana shiga tun shukar tana tsiro, ta yi lamo a ciki, ba za a gan ta ba sai dawa ta fitar da kai. Da masana suka gane wannan hanya tata, maganin ya zo da sauƙi, wato a cuɗa iri da magani kafin shuka. Ƙullin Apron Star mai giram 10 yana isar kilo 4 na iri. Sai dai ki kula da ragowar irin da aka cuɗa, kada ya kusanci tukunya ko kaji. A Iraƙi, tsakanin 1971 da 1972, mutane sun wanke jan launin da ke jikin irin alkama suka yi burodi da shi, suna zaton gubar ta tafi da launin. Sama da mutum 6,000 aka kwantar a asibiti, 459 suka rasu a can. An daina amfani da wancan magani, amma na yau ma ba abin ci ba ne.

Haka ƙonewar ganyen wake, wadda ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa. Ganye ya yi tabo kamar an ɗiga masa ruwa, gefen tabon ya yi rawaya, daga baya ya bushe ya zube, wani lokaci karan ya tsage. Ita ma a jikin iri take zuwa, feshin ruwan sama da iska su yaɗa ta, har da ƙafa da rigar wanda ya ratsa gona ganye yana jiƙe. Maganin fumfuna ba ya kashe bakteriya, don haka manomin da ya saya ya fesa ya yi asarar kuɗinsa. Shi ya sa masu binciken wake a tashar IITA ta Kano, mai gonar gwaji a Minjibir, da na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya suka fi ba da ƙarfi wajen samar da iri mai jure cutar. Ke kuma da kike ajiye irin baɗi, kada ki ɗiba daga gonar da ta ƙone bana.

Waɗannan duka asarar buhu suke jawowa, kuma ido yana ganinsu. Ta cikin kwanon gyaɗarki daban take.

A shekarar 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a gidajen kiwo na Ingila, aka rasa dalili. Da aka bi diddigi sai aka tarar da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Birazil a cikin abincinsu, a jikinta kuma akwai wata fumfuna mai launin kore da ɗorawa da masana ke kira Aspergillus flavus. Ita wannan fumfuna tana fitar da guba da aka raɗa wa suna afilatoksin. Tana zaune a cikin ƙasar gonakinmu, kuma gyaɗa da masara ne abincin da ta fi so. Gubar ba ta da wari, ba ta da launi. Ɗacin da kike ji idan kin tauna ruɓaɓɓiyar gyaɗa alama ce ta lalacewa, amma ƙwaya tana iya ɗauke da gubar ba ta yi ɗaci ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wuta ba ta cinye ta. Suya da tafasa suna kashe fumfunar, su ɗan rage gubar, amma mafi yawanta yana nan. Idan aka matse mai, kaso mafi tsoka yana zama a cikin tunkuza, wato a ƙuli-ƙuli.

Idan ta yi yawa a lokaci guda tana kisa. A 2004, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta bayan sun ci masarar da suka noma da hannunsu suka adana da danshi, 125 suka mutu. Amma irin wannan ba kasafai yake faruwa ba. Wanda ya fi shafarmu shi ne na kaɗan-kaɗan, kullum, shekara da shekaru. Hanta ce ke karɓar dukan. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa afilatoksin a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, kuma ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B haɗarin yana ninkawa sau da yawa. Nan ne allurar rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jariri ranar haihuwa ta shigo zancen gyaɗa: kada ki bari ta wuce ɗanki.

Sai batun yara. A 2002 aka wallafa wani bincike da aka yi a Binin da Togo a kan yara 480 'yan wata tara zuwa shekara biyar. An sami alamar gubar a jinin kashi 99 cikin ɗari. Waɗanda aka yaye sun fi masu shan nono yawanta, kuma yaran da suka tsumbure sun fi sauran. Masana suna ci gaba da muhawara a kan ko nawa ne rabon gubar a cikin tsumburewa, tunda gidan da ke cin lalataccen hatsi galibi shi ne gidan da abinci bai wadata ba. Ni dai a ganina uwa ba ta buƙatar jiran ƙarshen muhawarar kafin ta san wace gyaɗa za ta dama wa ɗanta.

Yaya fumfunar take shiga? Tun daga gona. Gyaɗa mai ƙoshin lafiya a ƙasa mai laima tana iya kare kanta. Amma idan ruwa ya ɗauke makonnin ƙarshe kafin ta nuna, ƙasa ta yi zafi, shukar ta galabaita, ɓawo ya tsattsage, gara ta huda, ƙofa ta buɗe ke nan. Mu kuwa a yammacin Kano mun san yadda damina kan yi sallama ba shiri. Wannan na cikin amfanin iri mai saurin nuna kamar SAMNUT 24, wanda Samaru ta fitar a 2011: yana gama aikinsa cikin kusan wata uku, kafin ƙasa ta bushe. Gyaɗar da ta daɗe a ƙasa bayan ta nuna ma tana cikin haɗari, haka ta roro wadda yara ke tonowa bayan an gama cira.

Akwai wani kuskure da ya kamata ki tuna wa maigida. Manoma da yawa idan suka ga ganyen gyaɗa ya yi baƙaƙen ɗige-ɗige yana zuba sai su ce ta nuna. Sau da yawa ba nuna ba ce, cutar tabon ganye ce, ita ma ta fumfuna, wadda kan iya cin rabin amfanin gona ta kuma lalata harawa. Hanyar gane nuna ita ce a tono 'yan saiwoyi daga wurare daban-daban a fasa. Idan cikin ɓawon yawancinsu ya yi duhu, lokaci ya yi.

Maganin da masu bincike suka fito da shi a gona yana da ban mamaki, domin da fumfunar suka yaƙi fumfunar. Ashe ba duk 'yan gidan Aspergillus flavus ne ke fitar da guba ba. Masanan IITA a Ibadan, tare da takwarorinsu na ma'aikatar gona ta Amurka, suka tattaro samfura daga gonakin Najeriya, suka zaɓi nau'i huɗu marasa guba. Aka shafa su a jikin dawar da aka gasa don kada ta tsiro, aka rina ta shuɗi don kada a ci. Shi ne Aflasafe, wanda hukumar NAFDAC ta yi wa rajista a 2014. Ana watsa kilo 10 a kadada ɗaya, a masara mako biyu zuwa uku kafin ta yi fure, ƙasa tana da laima, kuma ba a binnewa. Marasa gubar su tashi su mamaye gonar, masu gubar su rasa wurin zama. Gwaje-gwaje a gonakin manoma sun nuna raguwar gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye, kuma kariyar tana bin amfanin har cikin rumbu.

To me ya sa ba a ganinsa a kowace gona? Saboda a kasuwar ƙauye ba a auna guba. Tarayyar Turai ba ta yarda gyaɗar ci ta wuce kashi huɗu cikin biliyan ba, shi ya sa masu fitar da kaya da wasu kamfanonin abincin kaji ke gwadawa kafin su saya. Amma mai tiya a kasuwa girman ƙwaya yake dubawa. Manomin da ya kashe kuɗi a kan Aflasafe da wanda bai kashe ba farashi ɗaya za a yi musu. Don haka idan maigida zai saya, ya fara da gonar da gida zai ci. Malamin gona na KNARDA ne ya dace ya tambaya inda ake samu da lokacin watsa shi a gyaɗa.

Binciken da ya fi burge ni kuwa ba shi da kwalba ko buhun magani. A ƙauyuka 20 na yankin Kindiya a ƙasar Gini aka yi shi, aka wallafa a 2005. Rabin ƙauyukan aka bar su da yadda suka saba. Sauran rabin aka nuna musu su tsince lalatacciyar gyaɗa da hannu, su shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, su tabbatar ta bushe ƙayau, su zuba a buhun algarara maimakon na leda mai riƙe gumi, su ɗora buhunan a kan katako, su sa maganin ƙwari a ƙasan ɗakin ajiya. Bayan wata biyar aka auna jinin mutanen. Gubar da ke jikin 'yan ƙauyukan da suka bi wannan tsari ba ta kai rabin ta sauran ba. Ki duba jerin nan da kyau, kusan duka aikin hannunki ne. Gwajin bushewa ma kin san shi: ki girgiza gyaɗar ki ji tana ƙara a cikin ɓawo, ki ciza ta karye ƙas. Kuma gara a adana ta da ɓawonta, a riƙa ɓarewa gwargwadon buƙata. Wanda ke yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi saurin ɓaruwa ko ta ƙara nauyi, fumfuna yake shayarwa.

Mu koma kan kwanon nan na biyu. Na san zubar da shi ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ake lissafin kowane mudu. Amma gubar ba ta bazu daidai a cikin buhu ba. Ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawanta, kuma su ne kika riga kika ware da hannunki. Ki sake raba kwanon biyu. Waɗanda ƙanƙanta ce kawai laifinsu, cikinsu fari tas, ki ajiye. Masu fumfuna, da masu huda, da waɗanda launinsu ya sauya ko suka yamutse, a haƙa rami a binne. Kada ki ba akuyar da ake tatsa ko saniya, domin gubar tana fitowa a cikin nono, kaji kuma tana rage musu girma da ƙwai. Idan kuma sana'arki ce ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma aka kawo miki mai arha da ake kira ta mai, ki zuba tafi ɗaya a faifai ki duba kafin ki biya. Kunun mai yaye kuwa, daga buhun kasuwa za ki ɗebo masa.