Baƙin Tsirrai a Kan Itatuwan Rumuokoro

Duk Bahaushen da ya sauka Rumuokoro a Fatakwal, inda ruwan sama kan zarce milimita 2,000 a shekara, zai ga tsirrai sun lulluɓe jikin kwakwar manja, har ya zaci kauci ne. Alhali kuwa galibinsu masauki kawai suka nema, domin bisa hikimar Ubangiji daga ruwan sama da ruɓaɓɓen ganye suke ci, ba su da illa sai nauyinsu ya karya reshe. Kauci ne azzalumi, mai huda reshe yana tsotse ruwansa. Cediya kuwa, idan tsuntsu ya yar da irinta bisa itace, sannu a hankali takan shaƙe itacen. Jama'a, waɗannan biyu ku sare su tun suna ƙanana.