Farfaɗo da Tsohuwar Vespa: Aikin Hannu da Kalmomin Aro

Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙera Vespa a shekarar 1946. Tsakanin 1970 da 1980 ta zama abin hawan malaman makaranta da ma'aikata da dama a biranen ƙasar Hausa. Yau kuwa, wanda ya gaje ta yakan same ta jingine a zaure, tsatsa ta cinye ta.

Gyaranta a gida yana da tsari. Da farko akan duba gangar jikinta, domin ita ke ɗauke da nauyin komai. In tsatsa ta huda matakin ƙafa, sai an yi walda kafin fenti. Sa'an nan a kwance inji, a wanke kafireta, a sake fulogi da zoben fistin. Tsohuwar Vespa fetur take sha gauraye da man inji. Wanda ya manta da wannan, fistinsa zai ƙone. Ado, wato sabon launi da ɗinkin kujera, shi ne na ƙarshe.

Abin lura ga masu nazarin harshe shi ne yadda bakin makanikai ya sarrafa sunayen waɗannan kayayyaki. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, don haka aka cusa wasali tsakaninsu, aka sami fulogi da birki da sufana. Haka kuma 'p' ta Ingilishi ta koma 'f', kamar a fenti da fistin. Ya kamata a taskace irin waɗannan kalmomi tun tsofaffin makanikai suna raye, domin a garejinsu ne aka daidaita lafazinsu.