Majalisar Jiha: Ina Ƙofar Shigarmu?

Jama'a, da yawa daga cikinmu a Briqueterie da Elig-Edzoa muna jin labarin Majalisar Jiha a rediyo, amma ba mu san yadda take ba.

Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ne ya tanadi waɗannan majalisu, sai dai ba a yi zaɓensu na farko ba sai ranar 6 ga Disamba, 2020. Kowace daga jihohi 10 tana da wakilai 90 masu wa'adin shekara 5. Kansiloli ne ke zaɓen 70, sarakunan gargajiya kuma su zaɓi 20 daga cikinsu. A jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma majalisar zaure biyu ce, na wakilai da na sarakuna.

Majalisar ba ta kafa dokar ƙasa. Aikinta shi ne zartar da kasafin jiha da kula da makarantun sakandare, asibitoci da hanyoyi, gwamna kuma yana sa ido a madadin gwamnatin tsakiya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Doka ta ce sai ɗan asalin jiha zai shugabanci majalisar, amma ta kuma ce jerin 'yan takara ya ƙunshi al'ummomin da ke zaune a jihar. Ke nan ƙofarmu ita ce kujerar kansila. Wanda bai yanki katin zaɓe ba bai zaɓi kansila ba, balle wanda zai yi maganar makarantar ɗansa. Malam, ina katinka?