Masu Farautar 'Yan Wasa a Ƙwallon Amurka

A ƙarshen watan Afrilun kowace shekara, daren Alhamis, shugaban gasar NFL Roger Goodell kan hau dandamali da kati a hannu ya karanta sunan wani saurayi. Saurayin ya tashi cikin sabuwar kwat, ya rungume mahaifiyarsa, a kafa masa hular ƙungiyar da ta ɗauke shi. A 2024, da aka yi bikin a birnin Detroit, mutum sama da 700,000 suka taru cikin kwana uku don su ji ana kiran sunaye kawai. Wanda ya yi wahalar gano sunan da ke kan katin kuwa ba ya wajen. Yana can wani ɗaki a hedikwatar ƙungiya, a kujerar baya, wata tara ke nan yana bin sawun yaron. Amurkawa na ce masa sikawut, wato mai farautar 'yan wasa.

Ƙwallon da ake magana ita ce zari-ruga irin tasu, ta hular kwano da sulken kafaɗa. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kuma ba a sayen matashin ɗan wasa yadda muka saba gani a ƙwallon Turai. Layi ake bi. Ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe, zakara ya zo ƙarshe, a yi zagaye bakwai, a ɗebi yara ɗari biyu da hamsin da 'yan kai. Tun 1936 ake wannan tsari da suke kira diraf. Ga ƙungiyar da ta rushe take son tashi, nan ne gonarta.

Ɗanyen kayan sana'ar ɗaliban jami'a ne, waɗanda suka yi aƙalla shekara uku da gama sakandare. Ana yanka wa kowane mafarauci yankinsa, jihohi kaza, makarantu kaza. Daga Agusta har Nuwamba gidansa mota ce da ɗakin otal. Yakan isa makaranta da sassafe, a ba shi ɗaki mai duhu da faifan wasanni. Wasa ɗaya na daƙiƙa biyar sai ya mayar da shi baya sau shida, idonsa ba kan ƙwallo ba, kan ƙafar yaro guda: ina ya dasa ta, yaya ƙugunsa ke juyawa, in an kayar da shi yaya yake tashi, in wasan ya koma ɗaya gefen filin yana bi ko yana tsayawa kallo. Da yamma ya fita filin atisaye ya ga jikin yaron ido da ido.

Amma rabin aikin hira ce. Koci zai yabi ɗalibinsa, wannan kowa ya sani. Gaskiyar halin yaro tana bakin mai kula da raunuka, da mai horar da ɗaga ƙarfe, da mai raba riguna da takalma, da malamar da ke bin diddigin karatunsa. Su suka san mai makara, da mai raina na ƙasa da shi, da wanda ciwo kaɗan ke kwantarwa. Mafaraucin kirki shekaru yake yi yana gina amana da irin waɗannan mutane, kamar dillalin da ya san kowane makiyayi da sunan garkensa. Da dare ya zauna a otal ya rubuta rahoto, ya sa wa yaron maki, gari na wayewa ya kama hanyar wata makaranta.

A Janairu ko farkon Fabrairu ana tara zaɓaɓɓu a Mobile ta jihar Alabama don wasan Senior Bowl. Daga nan sai babban awo a Indianapolis, inda ake yin sa tun 1987. Ana gayyatar yara sama da 300, a auna tsawo da nauyi da faɗin tafin hannu da tsawon damtse, likitoci su murɗa kowace gaɓa. A sa su gudun yadi 40, a ba su ƙarfe mai kilo 102 su yi ta ɗagawa har hannu ya gaza. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya ga ana buɗe bakin sa ana duba haƙora, zai ji wani iri in ya kalli wannan awo, kuma 'yan wasan da kansu sun sha faɗin haka. Agogo dai ba ya ƙarya, amma abin da yake faɗa kaɗan ne. Tom Brady ya ba mutane dariya a gudun nan a 2000, aka bar shi har zaɓe na 199, ya zo ya ci kofin Super Bowl sau bakwai.

Daga nan a koma gida a kafa allo, a jera sunaye daga sama zuwa ƙasa, a yi makonni ana musu. Nan ne mafarauci ke tsayawa gaban manyansa ya ce yaron nan nawa ne, ku ɗauke shi, in ya lalace ku tuhume ni.

Wanda ke son ganin amfanin sana'ar ya dubi Detroit Lions. Ƙungiya ce da ta taɓa buga kaka guda cur, a 2008, ba ta ci wasa ko ɗaya ba cikin 16. A Janairun 2021 ta miƙa ragama ga Brad Holmes, mutumin da ya shiga ƙungiyar Rams a 2003 a matsayin ɗan koyo a sashen hulɗa da jama'a, ya koma farauta, ya yi ta hawa har ya zama shugaban masu duba 'yan jami'a. Abin da ya fara yi shi ne sallama Matthew Stafford, gwanin jifan da garin ke ji da shi, ga Rams. Ya karɓi Jared Goff da zaɓen zagayen farko guda biyu da na zagaye na uku guda. Wato ya sayar da bijimi ya sayi maruƙa.

Shekarar ta zo da wuya, don korona ta hana taron awon Indianapolis, wasu yaran ma ba su buga kakar 2020 ba. Cikinsu har da Penei Sewell na jami'ar Oregon, ƙato ɗan asalin tsibirin Samoa, wanda aikinsa tare wa mai jifa mahara. Da tsohon faifai aka auna shi, aka ɗauke shi na 7. A zagaye na huɗu, zaɓe na 112, suka tsinci dami a kala: Amon-Ra St. Brown, mai cafke ƙwallo, wanda gudunsa bai burge kowa ba. Masu cafka 16 aka ɗauka kafin shi, ya haddace sunayensu da makarantunsu, yana iya jero su kamar karatun allo. Shekararsa ta farko ya cafe ƙwallo 90. Ba duka aka dace ba. Levi Onwuzurike, ɗan asalin Najeriya da suka ɗauka a zagaye na biyu, ciwon baya ya cinye masa kakar 2022 gaba ɗaya. Wannan ba laifin idon kowa ba ne, amma a littafin ƙungiya asara ce.

Kakar Holmes ta farko wasa uku suka ci. Ta biyu, bayan sun ƙara Aidan Hutchinson, suka ci tara. Sai daren zaɓen 2023, wanda a ganina shi ya fi nuna bambancin mai sana'a da mai sharhi. Holmes ya ba da zaɓe na 6 da ya samo daga cinikin Stafford, ya ja baya zuwa na 12, aka ƙara masa na 34. Da na 12 ya ɗauki Jahmyr Gibbs, mai rugawa da ƙwallo, alhali masana sun daɗe da yanke cewa ba a kashe babban zaɓe kan wannan gurbi. Kafin asuba 'yan jarida sun raba maki, da yawansu sun ce an yi zaɓen tumun dare. Ni ban ga yadda ake yi wa gona kuɗi ranar shuka ba. Gibbs da Sam LaPorta na 34 da Jack Campbell da Brian Branch duk suka shiga fili a shekarar, ƙungiyar ta ci wasa 12, ta ɗauki kambun rukuninta karo na farko tun 1993. A Janairun 2024 ta doke Rams ɗin Stafford da ci 24 da 23, nasararta ta farko a wasannin sili ɗaya ƙwale cikin shekara 32.

Masu sana'ar sukan ce sai an shekara uku ake sanin zaɓe, mu kuma muka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Jameson Williams, da Lions suka hau sama suka ɗauka a 2022 gwiwarsa a tsinke, ya yi shekara biyu ana ce masa asara, har dakatar da shi aka yi kan caca. A ta uku ya haura yadi 1,000 da ƙwallayen da ya cafke.

Lissafin kuɗin shi ya sa ake wannan wahala. Da can sabon yaro kan yanka wa ƙungiya farashi: Sam Bradford ya sa hannu kan dala miliyan 78 a 2010 bai buga wasa ko ɗaya ba. Daga 2011 aka ƙayyade albashin sababbi, kwantiragin shekara huɗu, Cam Newton da aka ɗauka na ɗaya a shekarar ya tashi da miliyan 22. Kuma kowace ƙungiya tana da iyakar abin da za ta kashe kan albashi, wajen dala miliyan 255 a 2024. Saboda haka gwanin da aka zaɓo da kyau, shekara huɗu ana cin moriyarsa da araha. Bayan nan sai a biya kuɗin gaske. A Afrilun 2024 St. Brown ya sabunta kan miliyan 120, Sewell kan miliyan 112.

Mafaraucin da ya gano su ba ya da kamasho a ciki. Albashinsa na rufin asiri ne, ko kusa da na yaron da aka ɗauka a zagayen ƙarshe bai kai ba. Yana rasa bikin suna da ranar shiga makarantar 'ya'yansa, cin abincin hanya ya ɓata masa ciki, kuma sau da yawa yaron da ya yi shekara biyu yana bi wata ƙungiya ce za ta ɗauke shi ana saura zaɓe ɗaya. Kwantiragin yawancinsu bayan diraf yake ƙarewa, don haka watan Mayu watan fargaba ne: in an sauya manaja, sabon yakan zo da mutanensa. Wanda ya tsira, a cikin watan nan dai za a miƙa masa jerin sunayen ɗaliban baɗi, ya duba taswira, ya fara kama ɗakunan otal na watan Agusta.